WAƘAR HIKIMAR HALITTA DA SHARHINTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙagi halitta ba tare da wani misali da ya gabata ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako. Allah ya ƙara yarda da Shehinmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, dalilin wannan waƙa shi ne, wata ranar Juma'a bayan mun tashi daga zikiri a zawiyarmu ta Aboabo, cikin Zangon Kumasi, jama'a suka watse, sai wani yaro daga cikin ɗalibaina ya zauna bai tashi ba. A hannuna ya sauke Alƙur'ani, a yanzu kuwa yana karatun haɗa magunguna a jami'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ya hana ni barci, ina kuma jin kunyar faɗinsa." Na ce, "Faɗi, ɗana, ciwon da aka ɓoye shi ya kan yi kisa." Maganar da muka yi da shi a wannan dare ita ce na tsara a baitoci ashirin, na kuma yi musu sharhi, domin na san ba shi kaɗai ba ne a Zango mai ɗauke da wannan nauyi. Allah ya sa ta amfane mu.

FASALI NA FARKO: TAMBAYA

Na gode Allah wanda shi ya yi duniya,
Ya tsara komai, babu wasa ko ɗaya.

Tsira, aminci, gun Muhammadu shugaba,
Alai, sahabbai, sun tsayar da gaskiya.

Wani ɗa ya zo min, zuciyarsa da damuwa,
Ya ce da ni: Malam, ina da tambaya.

An ce halitta ta yi kanta a hankali,
Ba mai nufi, ba mai shiri can tun jiya.

Sharhi: Abin da na ke nufi da "jiya" shi ne farkon al'amari. Maganar da yaron nan ya zo da ita ita ce wadda a ke kira juyin halitta, Larabawa kuwa su ce taɗawwur. Wajibi ne mu faɗe ta yadda masu ita su ke faɗinta kafin mu yi mata hukunci, domin alƙali ba ya yanke shari'a a kan da'awar da bai saurara ba.

Wani Bature mutumin Ingila, Charles Darwin, ya kewaya duniya a jirgin ruwa daga 1831 zuwa 1836 yana duban tsuntsaye da tsirrai da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, sa'an nan ya fitar da littafinsa a 1859. Taƙaicin maganarsa abu uku ne. Na farko, 'ya'yan uwa ɗaya ba su zama daidai da juna, kowa da ɗan bambancinsa. Na biyu, wannan bambanci a kan gaje shi. Na uku, abin da a ke haifa ya fi abin da ke rayuwa yawa, saboda haka wanda siffarsa ta dace da wurin da ya ke shi ya kan tsira ya bar zuriya, kamar yadda rariya ta kan tsare tsaki ta bar gari ya wuce. Ya ce idan wannan rairaya ta ɗauki shekaru dubbai bisa dubbai, sai iri ya sauya har ya rabu gida biyu. Waɗanda suka zo bayansa suka gano cewa a cikin kowace ƙwayar jiki akwai wani rubutu na gado da a ke kwafa daga iyaye zuwa 'ya'ya, an kuwa bayyana siffarsa a 1953, kuma wani lokaci a kan sami tuntuɓen alƙalami wajen kwafar, kamar yadda mai kwafar littafi ya kan sauya harafi ɗaya. Daga nan sababbin siffofi su ke fitowa.

Wannan shi ne iliminsu. Amma akwai wata kalma da waɗansunsu su kan liƙa a bayansa, su ce: tun da mun gane yadda abin ya ke tafiya, ashe ba mai nufi, ba mai tsarawa. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta hana ɗana barci.

FASALI NA BIYU: HUKUNCI UKU

Na ce: hukunci, ɗan'uwa, uku ne, riƙe,
In ka haɗe su ka faɗa ramin rijiya.

Na hankali ne, sai na al'ada kuma,
Na ukunsu shar'i, wanda Manzo ya biya.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, mabuɗin wannan mas'ala yana cikin darasin tauhidi da muka karanta tun muna yara. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a shekara ta 895 ta Hijira, daidai da 1490, ya kasa hukunci kashi uku a cikin Muƙaddimarsa.

Hukuncin hankali shi ne wanda hankali ke yankewa ba tare da jiran gwaji ba, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne, ko cewa duk abin da ya faru bayan babu shi, lalle akwai wanda ya farar da shi. Hukuncin al'ada shi ne wanda mu ke sani ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, ruwan sama da tsiro. Mun ga suna tafiya tare sau da yawa, sai muka ƙulla su. A wurinmu Ahlus Sunna, Allah shi ke halittar ƙunar a lokacin da wuta ta taɓa auduga, kuma in ya so sai ya raba su, kamar yadda ya yi wa Annabi Ibrahimu. Hukuncin shari'a kuwa shi ne wanda ba a saninsa sai ta bakin Manzo.

To ilimin likitoci da masu binciken dabbobi da tsirrai gaba ɗayansa yana cikin ɗaki na biyu, wato bin diddigin al'adar Allah cikin halittarsa. Tambayar ko akwai Mai yi, ko akwai nufi, tana ɗaki na farko. Labarin Annabi Adamu yana ɗaki na uku. Duk ruɗanin da na gani a wannan babi, ko daga ɗan boko ko daga malamin zaure, daga shiga ɗakin da ba nasa ba ne da mabuɗin da ba na ƙofar ba.

FASALI NA UKU: ABIN DA BA A MUSUNSA

Sauyin da masu bincike suka tabbatar,
Kada kai musunsa, musun hakan shi ne tsiya.

Ƙwayar da ke kashe zazzaɓi a ƙasarmu da,
Yau ta gaza, cutar ta samo kariya.

Mai kare addini da wauta, ɗan'uwa,
Ya bai wa masu ƙinsa hanyar dariya.

Sharhi: Duk wanda ya kai shekaruna a Zango ya san kulorokwin, ƙwayar nan mai ɗaci da ta kan sa waɗansu ƙaiƙayi. Muna yara, in zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, ita a ke ba shi, bayan kwana uku ya miƙe. Daga baya muka ga a na sha zazzaɓin bai sauka ba. Mutane suka riƙa cewa maganin yanzu ba shi da ƙarfi kamar na da. Alhali maganin yana nan yadda ya ke, ƙwayar cutar ce ta sauya.

Ga yadda abin ya faru. A cikin ɗimbin ƙwayoyin cutar da ke jinin mutane an sami 'yan kaɗan waɗanda rubutun gadonsu ya sauya, har suka iya fitar da maganin daga cikinsu kafin ya kashe su. Da a ka yi ta shan magani, sai marasa wannan siffa suka yi ta mutuwa, masu ita suka yi ta yaɗuwa. An fara ganin haka a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka wajen ƙarshen shekarun 1950, ya iso gabashin Afirka a 1978, ya ƙaraso yammacin Afirka a shekarun 1980, har gwamnatin Gana ta sauya maganin zazzaɓi na farko a 2004. Wani abin lura kuma, ƙasar Malawi ta daina ba da kulorokwin a 1993, bayan kamar shekara 10 sai a ka tarar ƙwayoyin cutar da maganin ke iya kashewa sun sake rinjaye a can. Wannan ita ce rairayar da Darwin ya faɗa, ta kuwa faru a cikin jininmu, muna raye.

Saboda haka na ce wa yaron nan: wannan kada ka yi musunsa, kada kuma ka ji tsoronsa, al'adar Allah ce da ya bari bayinsa suka gano. Imamu Gazzali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, ya yi kashedi a kan irin wannan a mas'alar husufin rana da wata. Ya nuna cewa wanda ya ƙaryata masu lissafin husufi da sunan addini, alhali sun faɗi lokacinsa ya kuma zo daidai, to addinin ya cutar, domin mai lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Haka kuma Shehu Husaini Jisru, malamin Ɗarabulus ta ƙasar Sham, ya tattauna maganar Darwin a littafinsa na 1888, bai kuwa ga cewa tabbatar sauyin nau'o'in halitta zai rushe imani da Mahalicci ba.

Tambihi: Ina roƙon 'yan'uwana masu wa'azi su ji tsoron Allah a nan. In ka hau mumbari ka ce babu wani abu mai rai da ya taɓa sauyawa, yaron da ya ga sauyin da idonsa a madubin likita zai yi maka shiru don ladabi, amma ka rasa shi, mai yiwuwa kuma ka sa ya yi shakkar sauran abin da ka koya masa na gaskiya.

FASALI NA HUƊU: SABABI DA MAI SABABI

Jemage na ta shuka loko cikin dare,
Yunwa ta kai shi, ba nufin yin dukiya.

To wa ya ƙulla cikinsa nan da rufin gida?
Sababi ido ya gan shi, Mai shi zuciya.

Kalmar da ke cewa: nufi sam babu shi,
Ba mai awonta da mudu, balle ma tiya.

Sharhi: Wanda ya tsaya wajen Kejetia da almuru ya kan ga jemagu suna tashi daga itatuwan gidan namun daji kamar hayaƙi. Masu bincike sun tabbatar cewa irin wannan jemage ya kan yi tafiyar kilomita gommai a dare ɗaya wajen neman 'ya'yan itace, yana ci yana zubar da iri a hanya, kuma yana daga cikin manyan masu yaɗa irin loko, itacen da Tonawa ke kira odum, wanda kafintocinmu ke yin ƙofofi da ginshiƙai da shi. Haka furen koko, wanda arzikin ƙasar nan ya daɗe yana dogara gare shi, wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba ya ke kai masa barbara. Jemage cikinsa ya ke bi, bai san kafinta ba. Ƙwaron nan bai san kasuwar koko ba.

Mai ilimin juyin halitta zai ce: itacen da 'ya'yansa suka fi jan jemage shi ya fi yaɗuwa, jemagen da ya fi gane itacen shi ya fi ƙoshi, da haka suka dace da juna a tsawon zamani. Sai mu ce masa: madalla, ka faɗa mana yadda a ka ɗinka rigar. Saura tambaya ɗaya. Wannan rairaya da ka ke faɗi ba ta aiki sai da sharuɗɗa: sai akwai rai mai haihuwa, sai akwai gado mai tsayawa har ya isa ga jikoki, mai kuma ɗan motsi har ya karɓi sauyi, sai akwai ruwa da rana da ƙasa masu bin ƙa'ida ɗaya jiya da yau. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba wajibi ba ne a hankalce. Ja'izi ne, yana iya kasancewa haka, yana iya kasancewa wani iri, yana iya rashin kasancewa sam. Duk ja'izin da ya tabbata a kan fuska ɗaya ya bar sauran, hankali ya hukunta akwai wanda ya keɓance shi da ita. Wannan shi ne dalilin malaman tauhidi, kuma kowane sababi da a ka gano sabo shi ma yana shiga ƙarƙashinsa.

Idan mai tambaya ya ce: ai sun ce tuntuɓen alƙalamin nan katsaham ya ke faruwa, ba tsari. Sai mu ce: abin da su ke nufi shi ne ba ya zuwa gwargwadon bukatar dabbar, kuma ba mai iya faɗin inda zai faɗa kafin ya faɗa. Wannan siffar saninmu ce. Dubi ƙuri'a, ba wanda ya san wanda za ta faɗa wa, amma Alƙur'ani ya ba mu labarin cewa da ƙuri'a a ka jefa Annabi Yunusa a teku, da ƙuri'a kuma renon Nana Maryamu ya faɗa hannun Annabi Zakariyya. Wa zai ce waɗannan sun fita daga ƙaddara? Abin da ya ke katsaham a wurin bawa, rubutacce ne a wurin Ubangiji.

Saboda haka kalmar "babu nufi" ba a gan ta a madubi ba, ba a ɗora ta a sikeli ba. Mai faɗinta ya fita daga ɗakin al'ada ya shiga ɗakin hankali, ya kuwa shiga ba da hujja ba. Yana da iko ya faɗi ra'ayinsa, amma kada ya sa masa rigar gwaji.

Fa'ida: Kada ka gina imaninka a kan cewa "ba su san yadda ido ya faro ba" ko "ba su san yadda rai ya fara ba". In ka yi haka ka jingina gidanka da jahilcin wani, ranar da ya sani sai gidan ya faɗi. Wani malamin Kirista na Ingila, William Paley, ya kawo misali a 1802 cewa wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙerinsa. Misalin yana da kyau, amma ya gaza, domin maƙerin agogo ya kan gama ya tafi abinsa, agogo ya ci gaba da bugawa ko da maƙerin ya mutu. Ubangijinmu kuwa shi ke riƙe da halitta a kowane numfashi, da zai sake ta ƙiftawar ido da ta koma babu. Wannan shi ne abin da mai zikiri ke nema ya ɗanɗana, ya ga aikin Allah a cikin sababin da a ka sani kamar yadda ya ke ganinsa a cikin wanda ba a sani ba.

FASALI NA BIYAR: HIKIMA MAI ƊACI

Ciwon jini ya ɗauke jikana, ku ji,
Na zub da ƙwalla, ni ma na yi tambaya.

Jinin da ke cuta idan ya zo biyu,
Shi ke tsare yaro idan ya zo ɗaya.

Hikima ba daɗi ce ba kullum, ɗan'uwa,
Ɗacin maɗaci ma yana sa lafiya.

A gwada jini kafin a kai goron biki,
Sababi, tawakkul, sun fito ɗaki ɗaya.

Sharhi: Da muka kai nan sai yaron ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ka yafe mini. In komai da hikima ne, ina hikimar amosanin jini?" Ya san abin da ya ke taɓawa, domin yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar jikana, ɗan 'yata, wanda sikila ta ɗauke yana ɗan shekara 9. Na yi dare da yawa ina riƙe da ƙafafunsa yana kukan ƙashi, musamman lokacin sanyi da damina. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta yi wannan tambaya, na kuwa nemi gafara.

Ga abin da likitoci suka gano. Abin da ke ɗaukar iska a cikin jan jini yana da wata sarƙa mai ƙulli 146. A wurin mai sikila ƙulli na 6 kaɗai ya sauya. Wannan sauyi ɗaya shi ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan hanyoyi, ta kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayya ta kan kai kwana 120. Wanda ya gaji wannan daga uwa da uba duka shi ne mai ciwo, wato SS. Wanda ya gaje shi daga ɗayansu kawai, wato AS, galibi lafiyarsa ƙalau. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu gado ɗaya sun fi sauran yara tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa wannan jini ya yi yawa a ƙasashen sauro irin namu. Kakanninmu sun san ciwon tun kafin Bature, Tonawa suna ce masa ahotutuo. A nan Kumasi a ka fara gwajin jarirai tun ranar haihuwa a 1995, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, kuma kimanin 2 cikin 100 na jariran Gana da wannan ciwo a ke haifarsu.

Mai juyin halitta ya ce wannan rairaya ce, ya kuwa yi gaskiya a ɗakinsa. Ni kuma na ce: Subhanallahi, abin da ya ɗauke mini jika ɗaya, da shi Allah ya tsare yaran da ba su ƙirguwa a zamunnan da babu asibiti babu allura. An ɗaga mini gefen labule kaɗan na ga wannan. Ban ce na ga hikimar duka ba, ban kuma ce wannan ya share hawayen 'yata ba. Hikimar Allah ba a auna ta da daɗin bawa, ba kuma duniya ce gidan da a ke rufe lissafi ba. Amma wanda a ka nuna masa cewa ko a cikin wannan ɗaci akwai rahama a lulluɓe, ya kamata ya kyautata zato ga abin da ba a nuna masa ba.

Sa'an nan akwai aiki a kanmu. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Akwai kuma wani jini da a ke kira C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana, shi ma in ya haɗu da S ya kan kawo ciwo. Lokacin da na ba da 'yata aure ban san wannan ba. Yanzu na sani, kuma ba na ɗaura aure sai na tambayi waliyyai ko an yi gwaji. Waɗansu sun ce wannan rashin tawakkali ne. Ina tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. A yi gwajin tun kafin a kai goro, tun zukata ba su ƙullu ba, kada kuma a mai da mai AS ko mai SS abin gori, ba shi ya zaɓi jininsa ba.

FASALI NA SHIDA: ANNABI ADAMU

Zancen uba Adam, hukuncin shar'i ne,
Nan mun tsaya, ba ma gaba, ba ma baya.

Ƙasa ce jikinmu, kama da dabba ba musu,
Girmanmu ruhi ne da nauyin tambaya.

Sharhi: Masu wannan ilimi ba su ce birin da mu ke gani yau shi ya haifi mutum ba, kamar yadda a ke yaɗawa a bakin kasuwa. Cewa suka yi mutum da manyan birai sun haɗa kaka ɗaya miliyoyin shekaru da suka wuce, hujjarsu kuwa kamannin ƙasusuwa da kamannin rubutun gado. Kamannin nan ba mu musunsa. Jikinmu nama ne da jini da ƙashi kamar na dabba, da ƙasa a ka yi mu, cikinta kuma za mu koma.

Amma Allah ya ba mu labari cewa ya halicci Adamu daga yumɓu, ya busa masa rai, ya sanar da shi sunaye, ya sa mala'iku suka yi masa sujada, kuma mu duka zuriyarsa ne. Malamanmu sun tafi a kan zahirin wannan labari, cewa Adamu ba shi da uba ba shi da uwa, a nan kuma mu ke tsaye. Hukuncin al'ada yana faɗin abin da ya saba faruwa, ba shi da ikon kore abin da Allah ya keta al'ada da shi sau ɗaya. Likitan da zai duba jikin Annabi Isa zai ga jikin ɗan Adam cikakke, al'ada ta ce masa lalle akwai uba, alhali babu. Abin da nassi bai faɗa ba kuwa, kamar shekarun da ke tsakaninmu da Adamu, ko irin halittun da suka yi yawo a bayan ƙasa kafinsa, ba mu ƙirƙiro masa amsa mu jingina wa addini. Allah shi ne mafi sani.

Na ce wa ɗana: koma makaranta ka karanta darasinka da kyau, ka ci jarrabawarka, ka zama mai haɗa maganin da Zango za ta amfana da shi. In an tambaye ka yadda ƙwayar cuta ta ke gagarar magani, ba da amsa da iliminsu. In an ce maka saboda haka babu Mai yi, ka ce a nuna maka gwajin da ya haifi wannan magana. Ya yi murmushi, muka tashi muka yi sallar lisha tare.

RUFEWA

Ya Rabbi ba mu sani da tsoro naka duk,
Mu cika da imani, mu tashi lafiya.

Tammat da hamdi, baituka ashirin cif,
Na gode Allah wanda shi ya yi duniya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, wanda ya gani ya gyara. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa ni da iyayena da malamaina a addu'a, ya kuma roƙa wa masu fama da amosanin jini sauƙi, da iyayensu haƙuri. Allah ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.